Sandar sirdi mai sauka: wacce za ta shiga kekena, kuma yaya ake ɗaura ta?

Ɗan Domayo, Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya keken dutse. Ina da VTT, wato keken dutse, na gwanjo, firam ɗinsa alminiyum, taya 29, giya biyu a gaba goma a baya, shoka ta gaba kaɗai gare shi. Ina hawa da shi a duwatsun gefen gari, wani lokaci kuma hanyar Mokolo zuwa Rumsiki. A gangara mai duwatsu sirdin yana hana ni komawa baya, sai na tsaya na sauke shi da hannu, in an zo hawa in sake tsayawa in ɗaga.

Ina son sandar nan da ake danna liba sirdin ya sauka, wadda ake kira diropa. Akwai mai zuwa daga Faransa wata mai kamawa, zai taho mini da ita, kuma kun san in ta zo babu mayarwa. A jikin zoben da ke ɗaure sirdin an rubuta 34.9, ina jin ita ce lambar da zan faɗa masa. Ina so in ɗauki mai sauka milimita 170 don an ce mai tsawo ta fi. Na kuma ga a hotuna wayar tana bi ta cikin firam, nawa kuwa ban ga rami ba. Mai walda zai iya huda shi? Allah ya saka da alheri.

Bakanike Mai Giris, Garwa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna, kada ka tura masa 34.9. Wannan kaurin bututun ne ta waje, wato girman zoben. Abin da kake buƙata shi ne kaurin sandar da ke shiga ciki. Zare tsohuwar, goge ta, ka duba wajen ƙasanta kusa da layin da ke nuna iyakar ɗagawa, a nan ake buga lambar. Firam mai zobe 34.9 yawanci sandarsa 30.9 ce ko 31.6, kuma bambancin milimita 0.7 da ke tsakaninsu ido ba ya gani, amma firam yana ji. In lambar ta goge, je wurin masu gyaran inji a auna maka da kalifa, wadda a nan ake ce wa pied à coulisse. Tef ɗin tela ba ya wannan aikin.

Diropa yawanci a girma huɗu ake yinta: 27.2 da 30.9 da 31.6 da 34.9. Ƙarama tana shiga babban rami idan aka sa mata bushin cike, babba kuwa ba ta shiga ƙarami ko da guduma. Bushin ya zama na gaskiya, mai tsawon milimita 80 zuwa 100 da leɓe a sama. Gwangwanin lemo da ake yankawa a cusa wa keken kasuwa ba na nan ba ne, don matsinsa a wuri ɗaya yake taruwa.

Bayan kauri akwai awo biyu, su ne za su yanke maka hukunci a kan 170 ɗin nan.

Na farko, daidaita sirdinka a tsayin da kake tuƙi, wato in ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Auna daga bakin zobe zuwa tsakiyar siraran ƙarafan nan biyu na ƙarƙashin sirdi. Diropa idan ta miƙe, tsawonta a waje shi ne yawan saukarta haɗe da wuyanta da kanta, kuma wuya da kai suna cin milimita 30 zuwa 65 gwargwadon kamfani. Idan jimillar ta fi awonka, ko ka tura ta har wuya sirdin zai yi maka tsayi duk lokacin da ya tashi, kullum sai ka tare shi da mazaunai kana lalube. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane.

Na biyu, zurfin ramin. Sassauta zobe ka tura tsohuwar sandar a hankali har ta tsaya, ka yi alama, ka zare ka auna. In gajera ce nemi bututu mai kauri ɗaya da ita. Kada ka auna da siririyar sanda, za ta wuce ta gefen abin da zai tare diropa. Abubuwan da ke tarewa su ne notunan mariƙin gorar ruwa, da lanƙwasar da ake yi wa bututun don taya 29 ta samu wuri, da ragowar walda ta ciki.

Kawo lambobin nan uku. Kuma ka kifa keken ka duba bayan bututun sirdi kusa da gindin feda, wasu firam ɗin suna da rami amma an toshe shi da baƙar roba.

Ɗan Domayo, Marwa

Na gode Malam, ka cece ni. A sandar an buga 31.6. Daga zobe zuwa ƙarafan sirdi 215. Zurfi 220, da na cire notunan gora ya kai 228 ya tsaya. Na duba ko'ina, rami babu.

Falez, Ngaundare

Ɗan uwa, da waɗannan lambobi 170 ta fita daga lissafi. Ga yadda yake.

Tunda babu rami, mai wayar waje za ka saya, su kuwa wuyansu ya fi tsawo saboda a nan kunnen da waya ke ja yake zaune. Mu ɗauka 60. Mai sauka 170 za ta tsaya a 230, ka ga ta wuce 215 ɗinka. Mai 150 za ta ba da 210, ta shiga da ƙyar. Amma saura ɓangaren ciki: irin wannan tsawonta gaba ɗaya yakan kama daga 435 zuwa 450. Cire 215 da ke waje, abin da dole ya nutse cikin firam 220 ne zuwa 235, kai kuma 228 gare ka, shi ma sai ka haƙura da gorar wannan wurin. Ke nan wata 150 za ta shiga, wata ba za ta shiga ba. Mai 125 tsawonta wajen 385 zuwa 400, abin da zai nutse bai wuce 185 ba, ga sarari, ga gorarka. A zafin Marwa ba na ba wa kowa shawarar sayar da gorar ruwa don milimita 25.

Kowane kamfani yana da jadawalin awo na kowace sanda. Wanda zai sayo maka ya duba lambobi biyu a ciki, tsawon gaba ɗaya da tsawo daga ƙasan wuya zuwa ƙarafan sirdi idan ta miƙe. A shagon Faransa sunanta tige de selle télescopique, ya ce musu mai wayar waje.

Maganar huji kuwa, a bar ta. Ƙasan bututun sirdi wuri ne da ke shan murɗa duk lokacin da ka taka feda, alminiyum kuma daga bakin rami yake fara tsagewa, siririn layi kamar gashi wanda ba ka gani sai ya yi nisa. Kamfanin da ya yi rami a firam ya zaɓi wurin kuma ya yi lissafin kaurin bango. In ya tsage, walda ma ba ta mayar da shi yadda yake, domin alminiyum irin 6061 yana rasa ƙarfi a gefen walda sai an sake gasa shi a tanderu. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. A firam ɗin kabon kuwa ko tunaninsa kada a yi.

Masu wayar waje iri biyu ne. Akwai wadda wayar ke maƙale a wuyan sanda, ba ta motsi ko sirdi ya sauka, kamar KS LEV da PNW Cascade. Akwai wadda wayar ke maƙale a kai, ƙarƙashin sirdi, idan ka sauke sai ta yi baka a baya, tana iya goga taya ko ta kama ƙaya. Ɗauki ta farko. Akwai kuma mai liba a ƙarƙashin sirdi ba waya sam, tana da araha, sai dai dole ka saki hannu ɗaya daidai lokacin da ka fi buƙatarsa.

Sai liba. Da yake kana da giya biyu a gaba, ƙarƙashin hannun hagu a cike yake da abin canjin giya. Faffaɗar libar nan ta babban yatsa da kake gani a hotuna ta masu giya ɗaya ce. Kai siririya za ka nema, mai zoben 22.2, wadda ke zama tsakanin robar riƙo da birki ana danna ta ƙasa. A tabbatar tana cikin kwalin, don kamfanoni da yawa daban suke sayar da liba.

Injiniya Shari, Injamena

Lissafin Falez daidai ne. Abin da zan ƙara shi ne abin da ke cikin sandar, don a ƙasarmu shi ne ke nuna ko za ta yi shekara biyar ko damina ɗaya.

Guji wadda libarta ke aiki da mai, irin tsohuwar RockShox Reverb. Sanda ce mai kyau, amma idan iska ta shiga tiyonta sai da sirinji da man kamfanin, daga Kusuri har Ngaundare kuwa wahala za ka sha kafin ka samu mai kayan. Mai waya kuwa wayar giya ce ta yau da kullum, milimita 1.1 ko 1.2, da rigarta mai kauri 4. In ta tsinke a Mokolo, a Mokolo za ka gyara.

A cikin masu waya ma akwai mai rufaffen katirij, wato bututun iska da mai da ke cikin sandar yana tayar da ita, wadda ba a ƙara mata iska, in ta mutu a zare a sa sabuwa. Akwai mai bawul da kake hura wa iska da kanka, yawanci tsakanin psi 250 da 300, wato bar 17 zuwa 20 da ɗoriya. Famfon taya ba ya kai wa nan, kwamfiresan mai faci ma bai kai ba, sai ƙaramin famfon shoka. In shokarka ta gaba mai iska ce ka riga ka mallake shi, in ba haka ba rufaffen katirij ya fi maka kwanciyar hankali. Mai bawul kuma kada a cika ta har iyaka da sanyin asuba. Iskar da aka hura a digiri 25, idan keken ya kwanta a ranar Afrilu ƙarfen ya kai 50, matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100, 300 ta koma wajen 325. Ana hurawa ne sandar tana miƙe.

Inda na ɗan saɓa da Falez shi ne kan wayar waje. Ba musun cewa ita ce mafita a wannan firam ba, amma a sani kunnenta a fili yake, ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin murfin ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Daga Disamba zuwa Maris sai an riƙa buɗe murfin ana sharewa duk sati biyu ko uku. Mai wayar ciki ba ta da wannan ciwon.

Tunda tafiya ɗaya ce, a haɗo maka da wayar giya biyu marasa tsatsa, da rigar waya mita biyu da hulunanta, da ƙaramin gwangwanin giris mai laushi na shoka irin Slickoleum ko SRAM Butter, da zobe 34.9 mai noti. Zoben nan mai hannu da ake buɗewa ba sifana ba a iya auna matsinsa, kuma yana sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. In akwai hali a ƙara da katirij ɗaya na ajiya.

A gefe guda, kada wani ya ɗauka kayan ƙawa ne: a 2022 Matej Mohorič ya ci tseren Milan zuwa San Remo da diropa a keken kwalta, a gangarar ƙarshe ya tsere musu.

Bakanike Mai Giris, Garwa

Ga ɗaurawa, ka ajiye har ta iso.

Goge cikin bututun da tsumma a kan sanda, ka shafa yatsa a bakinsa da gefen tsagar nan ta baya. In akwai kaifi ka bi shi da sanfefa mai laushi, in ba haka ba zai zane sabuwar sandar tun ranar farko. Shafa giris kaɗan a ɓangaren da zai nutse. Firam ɗin kabon ba a sa masa giris, man kabon mai ɗan tsakuwa ake sawa.

Ɗaura sirdi tun sandar tana miƙe. Notunan kai biyu ne, gaba da baya, ana ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har sirdin ya kwanta daidai, a ƙarasa a wajen Nm 8 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne) ko abin da aka rubuta a jiki. Kula da kibiyar da ke kan farantin, tana nuna gaba. Sai ka tura sandar har awonka na 215 ya fito, ka tabbata layin iyaka ya ɓace cikin firam.

Zoben firam shi ne wurin da hannun bakanike ke ɓata aiki. Diropa bututu ne a cikin bututu, in ka matse na waje ya shaƙe na ciki. Nm 4 zuwa 5 ya isa. Wanda ba shi da sifana mai awo ya tuna cewa Nm 5 kamar nauyin kilo 5 ne a kan alanki, lanƙwasasshen ƙarfen nan na ɗaure noti mai rami, a nisan santimita 10 daga noti. Sa dogon ɓangaren alankin a notin, ka murɗa da gajeren, da yatsu. Ka gwada murɗa sirdin da hannu, in bai juya ba ka tsaya nan.

Yanzu waya. Ɗaura liba sako-sako tukuna, ka zauna ka ga inda babban yatsa ke kai wa ba tare da ka saki riƙo ba. Bi da rigar wayar ta ƙarƙashin bututun sama, ka ɗaure da igiyar zif uku ko huɗu, ba matsewa har ta lotsa ba. Kafin yanka, juya kan keken har ƙarshe hagu da dama. In rigar ta yi gajarta, duk sanda ka yi kwana za ta ja wayar sirdin ya sauka da kansa. Yanka da almakashin waya na gaskiya, filaya tana murƙushe bakin. Buɗe ramin da tsinin ƙusa, ka sa hula a kowane baki. Kada a sa rigar birki, mai kauri 5, ƙarfenta naɗaɗɗe ne kamar sifirin, tana matsewa in an ja, sai liba ta yi laushi ta kasa buɗe bawul sosai.

Duba takardar sandar ka ga inda kan wayar yake zama. A wasu dunƙulen kan yana wajen sanda a ɗaure jelar a liba, a wasu akasin haka, jelar ce ke zuwa sanda a kama ta da ɗan ƙaramin gangan ƙarfe mai sukuru. Wannan sukurun da na liba alanki 2 ko 2.5 ne ko 3, ba sa son ƙarfi. Kafin ɗaurewa, murɗa abin daidaita waya na jikin liba ya shige duka, ka dawo da shi zagaye biyu don ka samu wurin gyara ta kowane ɓangare. Ja wayar da hannu har sakin ya ƙare, ɗaure, bar wa liba wasan milimita 1 zuwa 2 kafin ta fara ja. Yanke jela ka bar santimita 2, ka matse mata hula.

Ga masu firam mai rami da ke karantawa: rigar ake fara zurawa, a haɗa waya da gindin sanda a waje, sannan a riƙa tura sandar da hannu ɗaya ana jan rigar ta gaba da ɗaya hannun. In ka tura ba ka ja ba rigar za ta karye a gindin feda. A lissafin zurfi kuma a ƙara milimita 30 zuwa 40 na kunnen ƙasa da lanƙwasar waya. Mai shoka a baya ya sauke sirdi, ya fitar da iskar shokar, ya danna keken har ƙasa ya ga ko taya tana taɓa sirdin.

Ɗan Domayo, Marwa

Salam. Ta iso, mai 125, rufaffen katirij, na ɗaura kamar yadda aka ce. Sati uku tana aiki lafiya. Yanzu tana tashi a hankali, tana tsayawa saura kamar yatsa ɗaya sai na ja ta. Hancin sirdin kuma yana ɗan kaɗawa hagu da dama. Ta lalace ne?

Injiniya Shari, Injamena

Ba ta lalace ba. Kaɗawar hanci ta milimita ɗaya ko biyu haka ake yinsu, akwai 'yan ƙananan sandunan tagulla a ciki da ke gudu a cikin kwari don hana juyawa, dole a bar musu sarari. Sai in ta yi yawa har kana jin ta kana tuƙi ake canza su.

Jinkirin tashi, bi shi daga mai sauƙi. Sassauta zoben firam rabin zagaye ka danna liba. In ta harba sama da ƙarfi, matsi ne ya yi yawa. In kuma a Nm 4 sandar tana zamewa cikin firam, goge giris ɗin ka sa man kabon, yana riƙewa ko a alminiyum, kada ka ƙara ɗauri.

In ba zobe ba ne, waya ce. Sabuwar riga tana zaunawa cikin hulunanta a makonnin farko, sai saki ya ƙaru, bawul ya riƙa buɗewa rabi. Buɗe murfin wuya ka ja kunnen da yatsa. In ta tashi da sauri, warware abin daidaitawa na liba rabin zagaye rabin zagaye har wasan ya koma milimita 1 zuwa 2. Kada ka zarce, alamar zarcewa ita ce sirdi ya riƙa nutsewa a hankali kana zaune ko ya tashi ba a danna ba.

In duka biyun lafiya, ƙura ce a ƙarƙashin sil, wato robar da ke rufe bakin wuyan sandar. Sauke sandar rabi, warware zoben wuyanta da hannu ko da tsohon tub a naɗe don kada ya zame, ɗaga shi sama, share baƙin giris ɗin da tsumma mai tsabta, ka sa sabo mai laushi kamar ƙwayar wake biyu, ka mayar. Kamfanoni sukan ce a yi haka duk bayan awa 50 na hawa, a hunturunmu raba shi biyu. Baƙin mai da giris ɗin boris na babur ba su dace ba, ɗaya yana jan ƙura yana iya kumbura roba, ɗaya kuma kauri ne da shi yana riƙe sandar. Katirij ɗin kansa kada a yi yunƙurin buɗe shi, da matsi a ciki.

Falez, Ngaundare

Ƙari a kan na Injiniya, tunda ka ce kana jan ta da hannu: kada ka ja sirdi sama yana sauke ba tare da ka danna liba ba, kuma kada a ɗaga keken ta sirdi a wannan hali. Jan yana sa iska ta tsallaka sil ta shiga ɓangaren mai. Alamarsa, sandar tana miƙe amma in ka zauna ta lotsa milimita 5 ko 10 kamar katifa. A rufaffen katirij wannan ba ya gyaruwa sai canji.

Inda aka fi gamuwa da haka shi ne saman motar haya. 'Yan lodi ta sirdi suke cafkar keke, kuma a santsin sandar suke zarga igiya. Kafin ka miƙa musu, bar ta a miƙe, ka naɗe santsin da tsohon tub ka ɗaure. Zane ɗaya mai zurfi a wurin zai riƙa yankan sil yana shigar da ƙura duk hawa da sauka. Haka a gida, a miƙe ake ajiye ta. A wurin wankin babur kada a saita mata bakin injin feshi a wuya, bokiti da tsumma sun isa, kuma jakar kayan faci da ake ratayawa a ƙarƙashin sirdi a mayar da ita kan firam, igiyarta tana cin santsin.

Ɗan Domayo, Marwa

Zobe ne da waya, su biyun. Na sassauta zoben, na warware na liba zagaye ɗaya, yanzu tana tashi har ana jin ƙarar bugawarta a sama. Giris ɗin wuya zan yi ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Na gode Malam Bakanike, na gode Injiniya da Falez, Allah ya ƙara basira.